Yatsun Inna a Jikin Bango

Har yau in na ji warin makuba sai gabana ya faɗi. Wanda bai tashi a gidan ƙasa ba wataƙila bai san ta ba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a tukunya har ruwan ya yi duhu, a yayyafa wa daɓe ko a shafa wa bango don ya yi ƙarfi. Warin ba shi da daɗi, wani tsami ne mai kama hanci. Amma a wurina warin hannun Yaya ne, kuma duk sanda ya bugi hancina sai in ga kaina tsaye a ƙofar ɗakin Inna, ina kallon abin da na yi.

Gidanmu yana cikin tsohuwar unguwa a Kontagora, ginin ƙasa mai ɗaki uku da zaure. Baba cinikin hatsi yake, yana bin kasuwannin mako, yau Auna, jibi Ibeto, sai ya dawo da ƙaiƙayi a wuyan riga. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Yaya ce ta fari, ni ne auta, tsakaninmu shekaru masu yawa da ƙananan kaburbura.

Yaya kai gare ta. Tun ina ƙarami nake jin maƙwabta suna cewa wannan yarinya likita za ta zama. Takan ɗora kunnenta a ƙirjina, ta yi shiru kamar mai sauraron wani babban labari, sannan ta ce zuciyata ta faɗa mata ni na saci ƙuli-ƙulin Inna. Da ta gama sakandare ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya can Bida. Baba ya sayo mata akwatin ƙarfe shuɗi da fararen takalma. Kullum sai ta buɗe akwatin ta sake ninke kayan da ta riga ta ninke.

Saura kaɗan ta tafi, wata hantsi Inna na tankaɗe a tsakar gida, rariya ta suɓuce daga hannunta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta karye, sai sauti kawai. Baba ya ce wa Yaya ta tafi abinta, zai ɗauko ƙanwarsa, Goggonmu ta Auna. Goggo ta zo ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ita ma da nata gidan da nata 'ya'yan. Ranar da ta koma, Yaya ta ce wa Baba a bar maganar makaranta sai baɗi. Baɗin nan bai taɓa zuwa ba. Akwatin ya koma kusurwar ɗakin Inna, aka shimfiɗa masa ƙyalle, aka jera masa kwanukan samira a kai. Takalman kuwa ban san inda suka shiga ba.

Ita ke ɗaga Inna, ita ke kwantar da ita, ita ke mata wanka da alwala, ita ke ba ta kunu a baki. Ni ma ita ke wanke min kayan makaranta. Da farko takan zauna a bakin rijiya ta yi tagumi, in na yi mata magana ba ta ji. Mai fitar da ita daga wannan hali wata tsohuwa ce 'yar Kambari, mutumiyar Ibeto, da ke zaune bayan gidanmu wurin ɗanta. Kaka muke kiranta. Hausarta a karkace take fita, namiji ta ce "ke", mace ta ce "kai", ni kuwa ba ta kirana komai sai angonta malalaci. Wata rana ta shigo gaida Inna, ta dubi bangon ɗakin da ya yi baƙi da hayaƙin fitila, ta ce wa Yaya ai mara lafiyar da ke kwance ba ta da gona, ba ta da kasuwa, bangon nan shi ne duk duniyar da take gani, a gyara mata duniyarta.

Daga nan abin ya fara. Ruwan sama na ɗaukewa, an gama yankan dawa, sai a fito da Inna kan tabarma a inuwar bedi, a kwashe kayan ɗaki kaf. Yaya ta kwaɓa laka mai laushi ta yaɓe bangon da tafin hannu. Kaka da matan maƙwabta su zo da madaɓai, su durƙusa a jere suna bugun tsakuwa da makuba, bugun yana tafiya tare kamar na luguden daka, har ƙasan ɗakin ya yi sulɓi yana ƙyalli. Bayan nan a shafa farar ƙasa, a ja layin jar ƙasa daga ƙasa, a rataya faya-fayai masu launi, a sake jeren kwanuka. Yaya ta ɗinka labule da guntayen atamfar da take roƙa wurin tela. In ta shiga wannan aiki sai ka ji tana 'yar waƙa a hanci, abin da ba ta yi a sauran shekara.

Akwai wuri ɗaya da ba ta yi wa zane da hannunta. Daidai saitin kan gadon Inna, tun lakar tana ɗanya, sai mu ɗauko Inna mu zaunar da ita. Yaya ta riƙe mata hannun hagu, mai lafiyar, ta dangwala yatsun a bango ta ja su a hankali. Layuka ne karkatattu, kamar sawun kaza a bakin rafi. Kowace shekara sai a ƙara wani a gefen na bara, ba a shafe na baya. Inna takan dubi abin da hannunta ya yi ta yi dariya da rabin bakinta, hawaye na zuba ta ɓarin da ya shanye.

Ni fa duk wannan bai burge ni ba, gara in faɗa maka gaskiya. Ni ake aika bakin rafi haƙo farar ƙasa, ni ke tara ɓawon ɗorawa tun bazara. In na hango 'yan ajinmu, waɗanda gidajensu na bulo ne da fenti, sai in ajiye bokitin a gefen hanya in tsaya kamar ba nawa ba. Wata rana ɗayansu ya biyo ni gida aron littafi, ya iske Yaya da laka har gwiwar hannu, ya tambaye ni ko 'yar aikinmu ce. Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Na ja hannunsa muka fita. Yaya ta ji tambayar, ta kuma ji shirun. Da yamma ta zuba min tuwo kamar kullum, har da ƙarin man shanu.

Manema sun zo mata daga nesa, ta ƙi. Ta auri wani mai gyaran keke a layinmu don ta riƙa zuwa wurin Inna safe da yamma. Ina ajin ƙarshe Inna ta rasu, Baba bai daɗe ba ya bi ta. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, da mijinta ya rasu sai ta dawo gida ta tare a ɗakin Inna. Ta ci gaba da yaɓe da daɓe duk shekara, amma in ta zo wurin yatsun sai ta bi gefensu da ɗan tsumma, tana shafa farar ƙasa a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli.

Ni kuwa na tafi. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma na sami aikin kula da sito a wani kamfanin kayan gini a Abuja. Na koyi sunayen tayil da fenti, na riƙa shiga gidajen da mutum ke ganin fuskarsa a ƙasa. In na zo Sallah sai in ga gidanmu ya ƙanƙance, warin makuba kuma na daina jure shi. Da na tashi aure, aka ce dangin yarinyar za su zo daga birni su ga asalina. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Na san in na tambayi Yaya ba za ta yarda ba, shi ya sa ban tambaye ta ba. Goggo ba ta da lafiya a lokacin, sai na matsa wa Yaya ta je Auna ta ɗan zauna da ita, har na ɗauki shatar mota na kai ta da kaina. Ina dawowa na kira magina. Na gaya wa kaina kyauta ce zan yi mata, ladan wahalar da ta sha. Babban maginin, wani dattijo, ya tsaya a gaban layukan nan ya tambaye ni ko a bar wannan wurin. Na ce masa siminti ba ya kama laka, ya kankare duka. Na tsaya ina kallo aka sa diga. Lakar shekaru tana faɗowa gutsure-gutsure, lebura na kwasa a baro. Akwai wani rami a ƙofar zaurenmu da ruwa ke kwanciya da damina, na ce a zuba ɓaraguzan a ciki a daddanne, baƙi su sami wurin takawa.

Aka shafe da siminti, aka sa tayil, aka yi fenti ruwan madara. Na sayo kabet mai gilashi na zuba kwanukan a ciki, na tura akwatin ƙarƙashin gado.

Da Yaya ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a hannu. Ta daɗe. Ta cire takalmi ta shiga, tana takawa a hankali don santsi, ta je saitin kan gado ta ɗora tafin hannu a bangon. Ina bayanta ina ta zuba, ina gaya mata daga yanzu ta huta da laka, wannan fenti ne mai wankuwa.

Ta ce, "Ya yi kyau, Auta. Allah ya saka da alheri."

Sannan, ba ta juyo ba, ta ce, "Ƙasar da aka kankare fa, ina aka kai ta?"

Na nuna mata. Ta fita ta dubi wurin, ta koma ciki ta ɗora tukunya.

Baƙi sun zo sun yaba gida, aka yi biki. Yaya ce ta tsaya a matsayin uwa, ta yi komai, ba wanda ya ga alamar wani abu a fuskarta. Da ta zage ni, da ta yi kuka, da na sami abin kare kaina. Ba ta yi ba. Sai a zuwan da na yi bayan nan na lura da abu biyu. 'Yar waƙar nan ta hanci ta ɗauke. Kuma in za ta fita ko ta shigo, ba ta taka tsakiyar ƙofar zaure. Sai ta raɓa ta jikin bango, ta kewaye wurin da aka cike, ko da tulu a kanta, ko ruwa ake yi. Ni kuwa da takalmina na bi ta kai, na kuma kawo mutane sun bi.

Shekaru na yi ina ganin haka ban iya buɗe baki ba. Ina aiko mata da atamfa da shinkafa, ina ce wa kaina ai ina kula da ita.

Shekarar da ƙafafunta suka fara kumbura, idonta ya yi rauni, a shekarar kamfani ya ce zai ƙara min matsayi ya tura ni reshensu na Legas. Abin da na daɗe ina nema ne. Na gaya wa maiɗakina, sai ta tambaye ni wa zai riƙa ɗaga Yaya in ta kasa tashi. Tambayar ba ta wuce haka ba. Na ajiye aikin, muka tattaro muka dawo Kontagora, na buɗe ɗan shagon fenti kusa da tasha. Kada ka ɗauka ina faɗa don a yaba min. Ni na ci rabona na duniya kafin in dawo, ita kuwa akwatinta ko tasha bai kai ba.

Wata la'asar ina matsa mata ƙafa na ce mata ta yafe min abin da na yi wa ɗakin Inna. Ta ce ta yafe tun ranar. Na ce da sanina na tura ta Auna. Ta ce ta sani, tun da na ɗauki shatar mota, ni da ko kuɗin acaɓa sai na yi ciniki. Ta yi dariya, ni na kasa.

A tsakar gida na sa aka gina mata 'yar rumfa mai bangon ƙasa, inda take shan iska. Matan da suka iya daɓe sun ƙare a unguwarmu, Kaka ta daɗe da rasuwa, ko ɓawon ɗorawa sai na yi sallahu daga Ibeto. Don haka ni ke yi. Ga ni, mai sayar da fenti, da laka har gwiwar hannu, Yaya na zaune a kujera tana cewa na cika ruwa, hannuna nauyi gare shi kamar na mai dambe. Abin mamaki, in na sa tafina a lakar nan mai sanyi sai in ji zuciyata ta kwanta, irin kwanciyar da ban taɓa samu a sito ba. Na roƙe ta ta ja yatsunta a jikin bangon. Ta ce a'a, nata hannun yana aiki tukuna, in bari sai ranar da sai an riƙe mata.

Unguwarmu duk ta koma bulo da tayil yanzu, ban kuma ce laifi ne ba, da shi nake ci. Ƙofar zaurenmu ce kawai na hana a yi wa siminti. Yarana sun tashi sun ga Yaya na kewaye wurin, sun ga ni ma ina kewayewa, su ma sai suke raɓawa ta jikin bango, ko da gudu suka shigo. Kwanan baya ƙaramar cikinsu ta tambaye ni me ya sa ba a taka nan. Yaya na jinmu daga rumfa. Na buɗe baki zan ce haka muka tarar, sai na tuna ranar da aka yi min tambaya a gabanta na yi shiru. Na zaunar da yarinyar a dakalin zaure, na ce mata hannun kakarta ne a wurin, kuma ni na zuba shi.