Idon Baba Dokita

Ajagbe masaƙi ne a Iseyin, a rumfar da ubansa ya yi saƙa a gindin mangwaro. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, Morenike. Tun ranar da yarinyar ta samu gurbin karatun likita a Ibadan sunansa na yanka ya ɓata. Daga mai sayar da amala har liman, kowa Baba Dokita yake ce masa, shi kuwa ya amsa yana gyara zaman hula. Ko allura yarinyar ba ta riƙe ba tukuna.

Shekara shida aka ce. Sai ya yi alkawarin da hannunsa zai saƙa ankon da dangi za su sa ranar rantsar da ita, baƙin shuni mai ratsin fari.

A shekara ta huɗu ƙoshiyar saƙa ta fara suɓuce masa daga hannu. Gefen ganinsa ke duhu a hankali, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Morenike ta zo hutu, ta ga ya yi karo da turmin da ya shekara ashirin a wuri ɗaya. Ta riƙo hannunsa ta zaunar da shi.

"Baba, wannan hawan jinin ido ne. Ba ya jira. Gobe mu tafi asibiti a ba ka maganin ɗigawa."

"In je in bi layi, ɗan wani ya buɗe mini ido, alhali ga tawa a gida? Me za a ce a rumfa?"

"Ni ɗaliba ce, Baba. Ko takardar magani ba ni da ikon rubutawa."

"To na ji. Saura shekara biyu, ai kamar gobe ne."

Ta yi kuka, ta durƙusa, ta turo masa liman. A banza. Mutumin nan taurin kansa ya fi na jaki, kuma wallahi ba mugunta ba ce, alfahari ne ya yi masa yawa. Sau ɗaya ta yaudare shi zuwa Ibadan da sunan gaisuwar mutuwa. Yana ganin ƙofar asibiti ya sauka daga mota ya juyo gida.

Yajin aikin malaman jami'a ya cinye shekara guda. Ana dawowa kuma sai ga sanarwa: hukuma ta ƙara shekara a karatun likita, har da waɗanda suka kusa gamawa. Salawu, abokinsa na masaƙar kusa, shi ya kawo labarin daga rediyo.

"Baba Dokita, ka ji? Wai don su ƙara ƙwarewa. Kafin 'yarka ta fito, sai dai ta duba jikokina."

"Rufe mana baki, kai da ɗanka ya kasa gama koyon faci. Zaren da ya daɗe a rini ai ya fi kama shuni."

Haka ya faɗa a rumfa. Da ya koma gida ko amalarsa bai taɓa ba. Morenike ta buga waya, ta ce mutum bakwai a ajinsu sun tattara sun bari, ɗaya ma ta koma sayar da atamfa.

"Waɗanda suka zauna suka yanke wannan, Baba, ba su da mara lafiya a gida. Don Allah ka je asibiti."

"Shekara ɗaya ce. Zan jira."

Da lalube ya ƙarasa ankon. Ratsin farin ya karkace a wurare da dama, amma duk rumfar ba wanda ya iya gaya masa, har Salawu mai baki.

A shekara ta takwas aka rantsar da ita. Dangi suka cika mota cikin baƙin shuni, Salawu na riƙe da hannun Ajagbe. Da aka kira sunanta ya miƙe yana tafi, fuskarsa na kallon wani ɓangare daban.

Washegari da hantsi ya sa aka fito masa da kujera tsakiyar rumfa, ya tara masaƙa kaf su shaida. Ya zauna ya cire hula, ya buɗe idanu. Morenike ta ciro 'yar fitilar duba ido, ta kunna. Ta haska na dama, ta daɗe. Ta haska na hagu. Masaƙa suka matso suna leƙe.

Ajagbe ya yi murmushi, ya lalubo hannunta.

"Dokita, mutane na jira fa. Kunna fitilar mana."