Ragon Nowel da Kwanon Hajiya

A layinmu na unguwar Zariya, cikin Maradi, gidanmu ne kaɗai na Kirista, kuma in ba ranar Lahadi ba babu mai ganewa. Maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, kaftani da hula yake sawa kamar kowa, ni ma da gyalena nake fita. Sau da yawa baƙo kan tsaya a ƙofarmu ya roƙi buta da tabarma, mu ba shi, mu nuna masa gabas, ya yi sallarsa ya sa mana albarka ya wuce, bai san gidan da ya shiga ba. Ba mu taɓa ganin dalilin gyara masa zato ba.

Muna da al'ada da muka gada daga iyayenmu. Duk Nowel, wato Kirsimeti, mukan yanka rago, amma ba da hannunmu ba. Musulmi muke kira ya yanka, domin maƙwabta su iya cin abin da muka aika musu, kamar yadda su ma suke cika mu da soyayyen nama ran Babbar Salla. Wani dattijon malami na bakin masallacin layinmu shi ke yi mana wannan aiki tun da muka tare.

Cikin duk kwanukan da nake rabawa, na Hajiya ne nake zubawa da hankalina gaba ɗaya. Dattijuwa ce da gidanta ke kallon namu, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana da shago a jikin katangarta da wasu teloli 'yan Kwatano ke haya. Da na haifi 'yata ta biyu, uwata tana ƙauye ba lafiya, Hajiya ce ta tsaya mini, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke yi mini faɗa in na ɗaga abu mai nauyi. Nowel ɗinmu na farko a layin, da kaina na kai mata abincin. Ta ɗaga murfi ta duba, ta ce, "Ɗiyata, wa ya yanka?" Na ce Malam na bakin masallaci. Ta ce, "To, madalla." Daga ranar ba ta sake tambaya ba, ni kuwa ina ji da wannan rashin tambayar fiye da yadda nake ji da zannuwan akwatina.

Haƙoranta sun yi rauni, kuma tana fama da ciwon ciki, don haka hanta da nama mai laushi nake tsince mata, in raba mata miyarta a ƙaramar tukunya kafin in zuba barkono. Ban taɓa gaya mata ba. Washegari kwanon kan dawo a wanke, da dabino ko goro a ciki, da saƙon cewa miya ta yi daɗi. Haka muka yi shekara goma sha wani abu.

Sai Malam ya rasu bayan wata damina. Nowel ya matso, muna ta cewa za mu nemi wani, ba mu nema ba.

Ana saura kwana kaɗan maigidana ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi Jiratawa sayo albasa da tattasai a garake, inda suka fi araha, ya kuma duba rago. Ya dawo da yamma da rago ɗaure a baya, yana fara'a. Shi mutum ne da ke ganin ya san mutane daga fuska. Wai shekarun da ya yi yana kallon yara a aji sun sa in ya dubi mutum sau ɗaya zai gaya maka garinsu, da addininsa, da ko ya karya kumallo. Na daina musu da shi a kan wannan tun muna amare.

Ya ce, "Ke dai bari, na samo mai yanka. Wanda ya sayar mini da ragon. Gemu har nan, wando iya ƙwauri, ga tabon salla a goshi baƙi ƙirin. Irin waɗanda ba su wasa da addini."

Na ce, "Ka tambaye shi?"

Ya ce, "In tambaye shi mi? In dubi mai tabon salla in ce kai Musulmi ne? Ai zagi ne. Ce mashi na yi muna da Nowel, ko zai taimaka ya yanka mana. Ya ce wajibi ne, ɗan'uwa. Kin ji mutumin kirki."

Ran jajibiri da tsakar rana mutumin ya zo. Dogo ne, da zanen Gobirawa a kumatu, ya ce shi mutumin Tibiri ne, noman rani ya kai shi Jiratawa. Duk abin da maigidana ya faɗa yana nan, gemun da wandon da tabon. Ya haƙa ɗan rami don jini, ya kwantar da ragon ya fuskantar da shi gabas, leɓunansa suka motsa, ya yanka da ja ɗaya. Maigidana ya juyo ya dube ni, kallon da ke nufin kin gani ko. Yana cikin fiɗa aka kira azahar. Maigidana ya miƙa masa buta, ya karɓa, ya wanke jinin hannu da ƙafa, ya yi godiya, ya koma kan fiɗarsa. Na ɗan yi wa maigidana raɗa cewa mutumin bai tashi salla ba, ya ce, "Irinsu ba su bin kowane liman. Sai ya koma nasu masallacin." Da zai tafi ya ƙi karɓar komai, sai maigidana ya ce masa don Allah gobe ya biyo ya ci abinci. Irin gayyatar nan ce da ake yi don kara, ba a sa ran a amsa ta.

Ran Nowel mun dawo daga majami'a, na zuba shinkafa da miya, yara suka rarraba kwanuka gida-gida. Kwanon Hajiya shi ne shuɗi mai fure a murfi, kowa a layin ya san shi. Mun zauna ke nan za mu ci namu sai ga sallama. Mutumin jiya ne, cikin sabuwar shadda, wando har idon sawu, da jakar yadi a hammata. Ya ce, "Barkanmu da Nowel. Muna tashi sujada a Tibiri na ce bari in cika alkawari."

Na ga maigidana ya ji kalmar sujada ya ajiye ta gefe, don bai san inda zai sa ta ba. Aka kawo wa baƙo abinci. Ya ajiye jakarsa, bakin Littafi Mai Tsarki ya leƙo daga ciki. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya yi addu'a doguwa mai kyau, ya rufe da sunan Yesu. Yara suka ce amin. Ni da maigidana muka dubi juna.

Can maigidana ya ce, "Malam, ashe kai mai bi ne?"

Ya ce, "Ai tare munka zauna ran babban taro a Tibiri, kana benci na gaba. Ni na gane ka tun a garka. Na zaci kai ma ka gane ni."

Maigidana ya taɓa nasa goshin, yana nufin tabon. Baƙon ya yi dariya ya ce ƙarfen injin ban-ruwa ne ya sare shi tun yana saurayi. Wandon kuwa, ya ce wanda ke wuni cikin laka ba ya ɗinka dogo. Sai ya dubi tukwanen da suka kusa zama wayam, ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Kun rarraba ma maƙwabta?" Na ce mun rarraba. Ya cire hannunsa daga abincin. Ya ce, "Da kun hwaɗa mani. Ni kaina ƙanena ka yanka mani nawa, shi Musulmi ne. Na zaci wanga na cikin gida ne."

Maigidana ya jawo ni gefe ya fara kawo hujja. Wai ya sha jin malamansu da yawa na cewa yankan ma'abota littafi halal ne, ga shi an fuskanci gabas, an ambaci Allah, kuma babu wanda zai sani. Na ce masa wannan fatawa ta malamansu ce, su za su ba su, ba mushen lakwal ba. Abin da ni na gaya wa Hajiya shi ne Musulmi ke yanka, kuma a kan maganar ce ta daina tambaya. Muka raba aikin, shi ya bi sauran gidajen, ni na ɗauki gyale na tsallaka titi. Ina tafe ina ganin yau zan mayar da tambayar nan ta wa ya yanka da hannuna, kuma ba za ta ƙara fita ba.

Kafin a kai ƙofar Hajiya sai an wuce shagon teloli. Ba su buɗe aiki ba ranar, amma ƙofar tana rabi a buɗe, su uku suna zaune a ƙasa tsakanin kekunan ɗinki. A tsakiyarsu kwanona ne, shuɗi, murfin mai fure yana jingine da bango. Babbansu yana riƙe da hanta. Ya gan ni ya washe baki, ya ce da 'yar Hausarsa, "Madam, bon Nowel. Miya naki daɗi kowane shekara. Amma kullum barkono kaɗan, madam, kina rowa."

Na ce masa zan gyara. Na matsa zuwa ƙofar Hajiya. Saƙon da na kawo ba shi da sauran amfani, tun da masu cin naman ba Musulmi ba ne, ba ruwansu da wanda ya yanka. Amma na riga na fito da shi, kuma gaskiya ne, sai na shiga.

Hajiya tana kan tabarma a inuwar bishiyar bedi tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, na zo in hwaɗa maki, ragon bana ba Musulmi ya yanka ba. Kuskure aka yi, sai yanzu munka sani."

Ta dube ni. Ta ce, "Ta bakin shago kika biyo."

Na ce ta nan na biyo.

Ta ajiye carbin. Ta ce, "Ba yankan ba ne ya hana ni ci, ɗiyata. Na san Malam, Allah ya jiƙan shi. Tukunyar ce. An ce mani ku kuna dahwa naman alade, kuna zuba giya a miya. Ban so in mayar maki da kwano ki ji ciwo."

Ni ban taɓa ganin naman alade da idona ba, kuma a ikilisiyarmu wanda aka kama da giya sai ya tsaya gaban dattawa. Na gaya mata haka. Na tambaye ta wa ya ce. Ta ce mutane. Wannan matar ta shiga madafina ba adadi, ta san tukwanena ɗaya-ɗaya, da hannunta ta dama mini kunun kanwa a cikinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji kunya, irin kunyar wanda ya daɗe yana gaisar da mutum ta taga ashe ɗakin babu kowa. Sai dai ko a lokacin na lura cewa ni ma ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. Kwano wankakke nake gani, na ƙarasa sauran labarin da kaina.

Da na miƙe ta ce, "Da kin yi shiru, wa zai sani?"

Na ce, "Ba kowa. Amma ni na ce maki Musulmi ka yanka."

Na gyara gyalena na fito. A sauran gidajen, maigidana ya ce wasu sun riga sun ci, suka ce Allah na gani ba da gangan ba ne. Gida ɗaya suka dawo da abincin yadda yake. Baƙonmu ya ci kaɗan ya koma Tibiri, yana ta ba mu haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Washegari kwanon shuɗi ya dawo a wanke da dabino a ciki, amma babu saƙon miya ta yi daɗi.

Shekarar ta wuce muna gaisawa da Hajiya kamar da, sai dai gaisuwar ta ɗan gajarce. Ran Babbar Salla namanta ya zo, muka ci. Da Nowel ya zagayo maigidana ya kira sabon limamin layin, mutumin da ya gani da idonsa yana jan salla sau biyar a rana, kuma duk da haka na ji yana ƙara bincike. Na yi tunanin in bar gidan Hajiya a rabon. Daga baya na zuba wa teloli nasu daban, da barkono har ya yi yawa, na aika musu kai tsaye. Sannan na tsinci hanta da nama mai laushi, na zuba daga ƙaramar tukunya cikin kwanon shuɗi, don hannuna ya riga ya saba. Na kai da kaina.

Na ajiye a gabanta na fara cewa, "Hajiya, bana liman ne ya..."

Ta ce, "Na tambaye ki? Miƙo mani butar can."

Ta wanke hannu, ta ɗaga murfi, ta yi bismilla, ta ɗauki hanta ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoranta, ni ina durƙushe ina kallon tabarma. Can ta ce, "Ashe da gaskiyar telolin nan. Ke ba ki sa barkono a miya?"

Na ce, "Ina sawa, Hajiya. Taki ce nake rabawa kafin in zuba, saboda cikinki."

Hannunta ya tsaya a bakin kwanon. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun shekarar da munka tare."

Ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta gyara zama, ta jawo kwanon kusa da ita, ta ɗebi shinkafa.