Ƙanena Ɗan Sha Bakwai

Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma na riƙe abu guda daga malamin lissafi: shekarun mutum gaba suke yi. Autan gidanmu ne ya zo ya ƙaryata malamin. An haife shi daminar da na sayi kekena na farko. Keken nan ya tsufa, ya mutu, 'yan gwangwan sun auna shi sun tafi da shi, amma ƙanena har yau shekararshi sha bakwai.

Ɗan ƙwallo ne, wai. Ya fara a filin firamare a Sabuwa, mai tsaron baya. Aikinshi ƙwaurin mutane, ƙwallo kuwa sai in ta zo wucewa su gaisa. Wata ƙungiya a Faskari ta ɗauke shi a kan takalmin gwanjo. 'Yan garin Mairuwa suka karɓe shi, da kaka suka sallame shi da masarar da ƙwari suka riga suka ci rabonsu. A Ƙanƙara ya baro haƙorinshi na gaba a gwiwar hannun wani. Duk inda ya je ana cewa masu zaɓen 'yan wasa na nan tafe daga birni, kuma yara suke so, waɗanda ba su kai sha takwas ba. Shi ne ya tsaya a sha bakwai yana jiransu.

Tsayuwar nan kuwa aiki ce. Kullum da safe reza na kan haɓarshi, har wurin ya koma kamar bayan kwaɗo. Furfura na leƙowa zai bi ta da baƙin rini. Na taɓa zuwa kallonshi sau ɗaya, rana ta buɗe, na ga baƙin ruwa na gangarowa ta bayan kunnenshi yana shiga wuyan riga. Ga warin man zafi, ga tsumman ɗaurin gwiwa da bai taɓa ganin sabulu ba. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Duk wannan da sauƙi. Ƙanena ya yi aure da wuri kamar kowa a gidanmu, aka haifa mashi ɗiya, da aka yaye ta aka kawo mani riƙo. Bai taɓa kiran sunanta ba, in ta shigo zaure sai ya kau da kai. Tsofaffin mata suna ta yabonshi, wai irin kunyar 'yar fari ta mutanen da ke gare shi. Ni ma na yaba. To amma mai kunyar 'yar fari ai yakan sayi atamfar Sallah ya aika a ɓoye, kuma gari duk ya san ɗiyar wa ce. Nawa ko ƙosai bai taɓa aiko mata ba. Na daɗe kafin in gane cewa ɗan sha bakwai ba ya da ɗiya mai zuwa islamiyya.

Yarinya ta girma ta kawo wanda take so, wani tela a Ƙanƙara. Ana gobe ɗaurin aure ta same ni ina alwala, ta durƙusa ta roƙi abu guda. Ba ta ce ya kira sunanta ba, ba ta ce ya saya mata ko cokali ba. So take in an kawo ta sallama ya zauna kusa da ni ya sa mata albarka a matsayin uba, dangin miji su gani. Na je na faɗa mashi, ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

Ya zo kuwa, kai baƙi wuluk ba hula, rigar ƙwallo na leƙe ta wuyan kaftani. Aka ɗaura aure lafiya. Muna cin shinkafa a zaure sai hira ta nuna kawun ango koci ne, yana haɗa yaran da zai kai gasa Katsina. Na ga ƙanena ya ajiye cokali ya shanye tumbi. Kocin ya tambaye shi me ya haɗa shi da amarya. Na ɗauka mafi muni ya ce yayanta ne. Ashe ya fi ni lissafi, ya san ta wuce sha bakwai.

"Ƙanenta ne, Alhaji," ya ce. "Ita nake bi."

Matar da ta shigo kwashe kwanoni ta ji, abin da ta ji kuwa cikin gida ya ji.

Da la'asar aka fito da amarya, don hanyar Ƙanƙara ba a bin ta da duhu yanzu. Ya zauna kusa da ni kamar yadda ya yi alkawari, kocin na tsaye bakin ƙofa. Ta durƙusa gabana na yi mata nasiha na sa mata albarka. Na zungure shi da gwiwar hannu. Ya dubi ƙofa, ya dubi tabarma. Ta jira shi har guɗar mata ta mutu. Sannan ta ɗaga mayafi kaɗan, idonta a bushe.

"Ƙanena, zan tafi," ta ce. "Ka riƙa jin maganar Baba, ka daina yawon filin ƙwallo da yunwa."

Na ce a raina yanzu ƙasa za ta tsage ya shige. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai irin na yaran kirki.

"To, Yaya," ya ce.

Kocin bai ɗauke shi ba, ya ce gudunshi ya yi nauyi. Bara yarinyar ta haihu. Ta aiko da goron suna gida gida, har da na maƙwabta, nashi kuwa ta ce a ba shi alewa, goro na manya ne. A gabana ya ɓare ta ya tsotse, ya tafi atisaye.