Guzan Bayan Rumfar Lauwali

Lauwali mahauci marowaci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Duk mai sayen nama a kasuwar Jega ya san teburinsa: nama mai kyau, awo daidai, amma gyara, ɗan guntun nan da kowane mahauci ke ɗora wa mai saye, babu shi. In ka roƙa sai ya ce, "Ni ma da na sayi saniyar ba a ƙara min ƙafa ba."

Wata damina gulbi ya yi ambaliya. Da ruwa ya janye sai ya bar wani ƙaton guza a kwalbatin da ke bayan rumfarsa. Mata suka riƙa tsallakewa da salati, 'yan kabu-kabu suka fara maganar farfesu. Lauwali ya zuba ido. Ba a jima ba ɓerayen da suka addabe shi suka ƙare, ƙazantar yanka ta daina kwana. Ya ce ya samu ma'aikacin da ba ya neman lada, ba ya zuwa biki. Daga nan, kullum da hantsi, sai ya yanki kitse ya jefa kwalbati in ya ga ba mai kallo.

Goggo Amariya mai tuwo a bakin tasha, wadda ta tsufa tana sayen nama wurinsa, ita ta kama shi.

"Lauwali, mi nika gani? Ƙadangare na samun gyara, ni ko ƙashi babu?"

"Shi aiki shika yi min, Goggo. Ke sai surutu."

"To madalla. Ɗan ƙanena maharbi ne a Gehuru, da karnukansa. Gobe da guza zan yi miya."

Ba wasa take ba. Lauwali ya kai kuka wurin Sarkin Pawa, shugaban mahauta, wanda ya yi dariya har da hawaye, ya ce kwalbati ba rumfar kowa ba ce.

Da safe ga Goggo, ga maharbi, ga karnuka suna ta sansana bakin kwalbati. Lauwali ya auna mata nama. Ya dubi karnuka, ya dubi wuƙa, ya yanko wani ɗan abu ya ɗora.

"Wanga ko ƙuda ba ya sauka kai," in ji Goggo.

Ya ƙara, yana zufa. Ta kwashe, ta ce wa maharbi ya zo ya ci tuwo ya koma gida.

Goggo ba ta riƙe magana. Kafin azahar kowace mai saye ta tuna tana da maharbi a dangi. Lauwali ya ce bai taɓa sanin Jega na da mafarauta haka ba. Tun ranar yake yin gyara, fuska a murtuke, yana tsaki. Kada wani ya ce hali ne ya sauya. Har yau in ya sayi goro a aljihu yake ɓare shi.

Bara gwiwa ta hana shi tsayuwa, ya miƙa wa ɗansa Bashar wuƙa, shi zai koma garinsu Mungadi. Ya tara mahauta, suna jiran ya nemi gafara.

Ya ce, "Guzan nan, ku riƙa jefa mishi da hantsi. Kitse da hanji, ban da tsoka, kar ya lalace. In Goggo ta zo, don Allah a yi mata gyara. Amma kaɗan."