Ta'aziyyar da Ta Biyo ta Zariya

A shekarar da gishiri ya ɓace a kasuwa saboda yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, har mata suka koma miya da kanwa zalla, aka yi wani abu a garinmu wanda ko na manta sunan unguwarmu ba zan manta da shi ba. Kwanakin baya wasu samari masu tara tsofaffin wasiƙu da taswira suka zo wurina, wai suna haɗa tarihin gidan waya na ƙasar Birnin Gwari. Na fito musu da wani ambulan da ruwa ya taɓa ci. Suka yi ta juya shi suna yaba hatimin da ke kai, ba wanda ya tambaye ni abin da aka rubuta a ciki. Gara da ba su tambaya ba, don babu komai.

Lokacin muna tsohon gari. Gidan wayar namu, in an girmama shi da wannan suna, akwati ne guda a rumfar wani akawu, sai hatimi, sai jakar fata da wani mutum ke ratsa daji da ita har ta kai Zariya. Ni kuma ina gefe a kan buzuna ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, akawu ya sa adireshi da boko a bayan ambulan.

Ran nan wani Bature ya zo rangadi. Ya leƙa jaka, ya girgiza ta, ya ce garin nan ba ya rubuta wasiƙa. In ya dawo bayan damina ya tarar da ita haka, zai kwashe akwati da hatimi. Mutane da yawa ko a jikinsu. Amma kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗansa guda ɗaya soja ne yana Bama, kuma ta wannan akwatin kaɗai yake sanin ko yaron na da rai. In aka ɗauke, sai dai ya riƙa ratsa daji yana bin sawun wasiƙa, ga shi gwiwarsa ko masallaci da ƙyar take kai shi.

Kawu ya tara mutane bayan sallar Juma'a ya ce kowa ya taimaka ya aika da wasiƙa. Wani ya ce, "To wa za mu aika wa? Duk wanda na sani a duniya yana cikin masallacin nan." Kawu ya ce, "To aika masa mana!"

Haka aka yi. Akawu ya ce wasiƙar da ba ta shiga jaka ta je Zariya ba, ba ta cikin lissafi. Saboda haka mutum zai zauna kusa da maƙwabcinsa, ya faɗa mini saƙonsa maƙwabcin yana ji, a manna kan sarki, a buga hatimi, takarda ta tafi yawon duniya, ta dawo bayan makonni a miƙa wa mutumin da ya riga ya ji. Wani ya nemi aron garma, saƙon ya iso an gama huɗa. Wani ya gayyaci amininsa suna, takardar ta zo yaro ya fara zama. Wannan shi ne ci gaban da aka kawo mana, mun kuwa karɓe shi hannu biyu.

Duk da haka jaka ba ta cika ba, don rabin gari bai sa hannu ba. Mahauta da masu sayen fata da duk 'yan unguwar kasuwa suna bin bakin sarkin fawa ne, shi kuwa ya ce ko kan sarki ɗaya kada a saya. Dalilinsa kowa ya sani. Shekaru da suka wuce sun yi rigima da kawu a kan iyakar gona, ana cikin haka mahaifiyar sarkin fawa ta rasu. Har mutanen Kutemeshi da Damari sun tako sun yi gaisuwa, kawu da ke bayan katangarsa bai je ba.

Na same shi a rumfarsa yana wasa wuƙa, na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi. Ya ce, "Malam, ka gaya wa kawunka ina bin sa gaisuwar uwata. Ranar da ya biya, a zo a yi mini maganar akwati."

Na kai wa kawu. Na ɗauka zai nemi sandarsa ya tafi gaisuwar. Sai ya ce, "Ɗauko alƙalaminka, ɗana. Ba yanzu zamanin wasiƙa muke ba?"

Na ce, "Kawu, ta'aziyya fa? Gidan nan ne, ko tari ka yi yana ji."

Ya ce, "Ka ga ta ƙara nauyin jaka. Rubuta."

Na rubuta. Allah ya sani na zuba addu'o'i masu kyau, na ƙawata baƙaƙe, har ni kaina na ji tausayin marigayiyar. Aka buga hatimi, ta'aziyya ta kama hanyar Zariya. Kawu ya koma gida yana jin ya fi kowa dabara a lardin.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne damina ta yi nisa, rafukan daji sun cika. A hanyar dawowa mai jaka ya zame a mashigi, ya nutse har wuya. Tawadarmu kuwa ta allo ce, wadda aka yi ta don a wanke. Hatimin Bature da adireshin akawu suka tsira, duk abin da na rubuta ya bi ruwa.

Ranar kasuwa sarkin fawa ya zo da kansa, jama'a na biye da shi, ya ajiye mini takardar a kan buzu. Ya ce, "An ce daga maƙwabcina take. Karanta mini, Malam, ni ban yi karatu ba." Na buɗe, sai wani baƙin dabbare kamar gindin tukunya. Na ce, "Baba, ruwa ya cinye, amma na haddace abin da ke ciki." Ya ce, "A'a, ban tambaye ka hadda ba. Abin da ya aiko nake so in ji." Ya ɗaga takardar sama ya juya ta ga mutane. "Ku gani, jama'a. Ga gaisuwar da na yi shekaru ina jira. Ta je Zariya ta dawo, har wanka ta yi a hanya, amma ba ta iya magana ba. Ta yi kama da mai ita."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Kawu yana zaune a bakin rumfar akawu, inda yake wuni kullum yana jiran jaka, kuma a jakar ranar babu komai daga Bama. Na ga ya dubi akwatin ya daɗe.

Bayan la'asar ya ce in miƙo masa sandarsa. Muka zaga katangar nan da ta gagare shi shekara da shekaru, sai ga shi ko gwiwar ba ta yi ƙorafi ba. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a zauren sarkin fawa, ya ce, "Ya muka ji da haƙurin Inna? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na makara, ka yafe mini."

Sarkin fawa ya dube shi. Ashe tsohuwar ta goyi kawu yana jariri, ni ban sani ba sai ranar. Sarkin fawa ya ce, "Amin. Ta tambaye ka tana jinya." Muka shafa fatiha, su biyun suna share ido kowa na yi kamar hayaƙin tukuba ne.

Washegari mahauta suka yi layi a gabana har alƙalamina ya dakushe. Da Bature ya dawo ya ɗaga jaka da ƙyar, ya yaba wa garinmu da son ilmi, ya bar mana akwati. Kafin kaka ta ƙare wasiƙar ɗan kawu ta iso daga Bama, yana nan da ransa.

Abin da na koya shi ne, akwai saƙon da takarda ba ta ɗauka, sai mutum ya kai shi da ƙafarsa, kuma jinkiri ba ya rage masa nauyi. Sarkin fawa ne ya ba ni wancan ambulan, ya ce in ajiye. Shi ma ya sa na rubuta wa kawu amsa, ta je Zariya ta dawo a bushe. Na karanta masa suna zaune a tabarma ɗaya suna cin tsire: "Gaisuwa ta iso. Ba na bin ka komai."