Odar Roba a Lungunan Ridina

Har gobe ina tuna ranar da na kwance odar keken aiki na dire ta gaban shef, wato shugabanmu a wurin aiki. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina rabon burodi a wani gidan burodi a unguwar Ridina. Tsarin aikin shi ne, kowane ɗan rabo da kekensa da unguwarsa, shef kuma shi ke raba hanya, maganarsa yanka ce.

Shef ɗinmu Abakar ba mugu ba ne. Wata babbar mota ce ta bankaɗe abokin aikinmu Sani a hanyar Ngueli ta karya masa ƙafa, direban ya rantse bai ji ƙararrawa ba. Abakar ya tsallaka Kusiri ya sayo oda ta roba, irin wadda ake matsawa, ya ce kowa ya cire ƙararrawa ya ɗaura ta.

A babban titi oda ta yi. Amma hanyata lungunan Ridina ce, kuma can da irin wannan odar masu tallar ƙanƙara mai zaƙi ke kiran yara. Ƙararrawa na cewa a kauce, oda na cewa a fito. Na faɗa wa shef, ya ce in bar surutu.

Ranar da na fara fita da ita, na matsa a wata kwana, sai ga wata 'yar yarinya ta faɗo daga zaure a guje, ko takalmi babu, sai gaban tayata. Na karkata na rungumi katanga, burodi ya watse, gwiwata ta ɗaye. Yarinyar ta tsaya tana leƙen kwandona tana neman ƙanƙara. Wallahi ba ciwon ne ya dame ni ba.

Na koma na aje masa odar. Ya ce, "Hamidu, doka ce ta kowa. So kake ka bi Sani asibiti?"

Na ce, "Shef, Sani babba ne, shi ya hau kekensa. Wannan 'yar kuwa ni na kira ta. Ka bar mini ƙararrawata, ko ka sauya mini hanya."

Ya ce, "Kalas, magana ta ƙare! Ko oda ko ka aje keke."

Na jingine keken na fita da ƙafa. Na daɗe ba aiki, iyalina sun ji a jikinsu, kuma har yau ban yi nadama ba.

Ku masu tasowa, sana'ar nan za ta koya muku tsoron abin da ya fi ku girma a hanya, wannan ba sai an yi muku darasi ba. Abin da ba ta koyarwa shi ne, a cikin lungu kai ne babbar motar.