Ranar da Muniratu Ta Hana Alhaji Karanta Fayil

Kullum kafin masu koko su kafa tebur a unguwar Kawukudi, Muniratu ta riga ta zauna a ɗan ɗakinta, bayan ƙaramin asibitin da ƙungiyar unguwa ta gina. Baƙin allo ne a gabanta, ba hoto ba ado, sai umarnin da take bugawa. Shekara goma sha ɗaya ita ke girka manhaja, ita ke yanka wa kowane fayil izininsa: wa zai karanta, wa zai rubuta, wa zai kunna. Amma 'yan kwamiti "yarinyar kwamfuta" suke ce mata. Yarinya mai jikoki biyu!

Bara suka ɗauko wani Kazeem, ɗan kwat da taye, ya saka sabuwar manhajar marasa lafiya. Da ta ƙi tashi, gogan naka ya buga chmod 777, wato ya wangale komai ga kowa. Aka tafa masa, har da hoto. Anti Lariba ungozoma ce shaida: kwana uku Muniratu tana tsaki tana bin fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya, sai da ta mayar da sirrin kowace mace hannun likita kaɗai.

Ana nan sai ga Alhaji Tijani, shugaban kwamiti. Ɗansa zai auri wata Zuera, shi kuma ya ji ta taɓa kwanciya a asibitin. Ya zauna gaban kwamfutar karɓar baƙi, ya nemi sunanta. Na'ura ta ce babu izini.

"Muniratu, a nan Zongo ba a kulle wa babba ƙofa," in ji shi. "Binciken aure ne. Buɗe mini."

"Ku yi haƙuri, Baba. Wannan tsakaninta da likita ne."

"Ni fa na kawo ki nan!"

"Gaskiya ne, Baba. Amma ba zan buɗe ba."

Wata bai cika ba suka yi mata ritaya, wai girman kai. Ko ruwan leda ba a raba ba. Haba jama'a! Wanda ya bar ƙofa a wangale an yi masa tafi, wadda ta rufa asirin 'ya'yanku kun kore ta. Wallahi abin kunya ne, kuma raina a ɓace yake.

Ke ce makullin da ba ya jin lallashi, Muniratu. Ke ce kafin ki fita kika damƙa kalmar sirri a hannun likita, kika ƙetare kwamiti. Mun gode, Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira. Ku kuma masu wannan sana'a, daga unguwar Nima har Maamobi, in manhaja ta ƙi tashi ku nemo izinin da ya dace, kada ku buɗe wa kowa don ku huta.

Me ke cikin fayil ɗin Zuera? Alhaji bai sani ba, Muniratu ma ba ta taɓa leƙawa ba. Shekaranjiya Zuera ta wuce Muniratu a Kasuwar Malam Atta, goye da jariri. Ba ta ma san wadda ta rufa mata asiri ba.